Ƙululun jikin itace: yadda ake yi masa kuɗi da inda ake kai shi

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga tambayar da aka turo mana haɗe da hoto. Iskar farkon damina ta kayar da wani tsohon maɗaci a gona, kusa da gindinsa kuma akwai ƙaton ƙululu kamar an kifa masa kasko. An auna shi: faɗi santimita 80, tsawo 80, tudunsa daga jikin itacen 40. Masu gawayi sun taya, wani kafinta kuma ya ce kada a sayar musu, wai Turawa na sayen irinsa da tsada. Mai itacen na son ya san nawa zai yi masa kuɗi, wa ke saye, kuma ya yanka ne ko ya bar shi ɗungurungum. Masana, bismillah.

Mai Gizago: Wa alaikumus salam. Kafin a zo maganar kuɗi, a fara tabbatar da cewa ƙululu ne na gaske, don ba kowane kumburi a jikin itace ke da daraja ba. Maɗaci itace ne da ya sha wahalar mutane. Masu magani na ɓare ɓawonsa, makiyaya na sassare rassansa da rani su ba shanu ganye. Duk inda aka ji masa ciwo sai ya yi tsoka ya rufe wurin, daga waje ka ga tudu, ciki kuwa rami ne da ruɓa da gidan tururuwa. Wannan tabo ne kawai. Akwai kuma kumburin da kauci ke sa wa reshe, shi ƙarami ne, bai wuce ado a kan tebur ba. Ƙululu na gaske shi ne wanda naman itacen da kansa ya rikice ya murɗe. Ka ɓare ɓawon wuri kamar tafin hannu. In ka ga jikin ya yi tsinke-tsinke kamar bayan bushiya, to mai ido ne, shi ake nema. In sumul yake, to mai falle-falle ne kamar albasa, zanensa murɗiya ne kawai, kuma yana saurin rabewa in ya bushe.

Almajirin Kafinta: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mene ne idon, kuma me ke kawo shi?

Malamin Daji: Bari in taya Baba. A ƙarƙashin ɓawon itace akwai 'yan tofo da suke kwance, ba su fito ba. Idan itacen ya gamu da wani abu da ya dame shi, ko rauni, ko gobarar daji, ko ƙwaro, ko cutar fangas ko ta bakteriya, sai waɗannan tofon su yi ta ninkuwa a wuri guda, ɗaruruwa, kowanne yana ƙoƙarin zama reshe amma bai kai ba. Naman itacen sai ya riƙa zagaye kowane tofo shekara bayan shekara. In aka yanka, kowane tofo sai ya fito kamar ɗigon ido da zobe kewaye da shi. Yawan idon da yadda suka matsu da juna shi ne abu na farko da mai saye ke dubawa, kafin girma.

Ɗan Katako: To Malam, girman ma yana da nasa. A kasuwannin da ake wannan harka sosai, irin Amurka, ɗanyen ƙululu da nauyi ake sayar da shi, laba-laba, busasshe kuma da awon katako, wato faɗin ƙafa ɗaya, tsawon ƙafa ɗaya, kaurin inci ɗaya. Saboda haka mai kaya ya san nauyin abinsa ko da ba sikeli a kusa. Ga lissafi mai sauƙi ga wanda ya yi siffar rabin ƙwarya: tsawo sau faɗi sau tudu, a mita, sannan ka ninka da 0.52. Na wannan hoton: 0.8 sau 0.8 sau 0.4 sau 0.52, ya ba da kubik mita 0.133, wato lita 133. Ɗanyen itace mai nauyi irin wannan kusan kilo ɗaya yake yi a kowace lita, don haka ka ƙaddara kilo 120 zuwa 135. Mutum biyu ba za su ɗaga shi cikin daɗi ba, a tanadi amalanke da igiya.

Mai Injin Juyi: Yaya Ɗan Katako, sai dai a gaya masa cewa wani kaso mai yawa na nauyin nan ruwa ne, kuma mai saye ya san haka. Ga yadda ake ganewa. Yanki ɗan guntu daga ciki, ba daga baki ba, ka auna shi nan take a sikelin masu sayar da gwal ko na kicin. A ce giram 150. Ka sa shi a tanda mai zafin digiri 103 a ma'aunin Celsius, ka riƙa aunawa har nauyin ya daina sauka. A ce ya tsaya a 100. Ka cire 100 daga 150, ka raba da 100, danshinsa kashi 50 cikin ɗari ke nan. Da wannan lissafin, ƙululu mai kilo 130 zai dawo wajen kilo 97 in danshinsa ya sauka zuwa kashi 12. Shi ya sa kuɗin kilo na ɗanye ba ya taɓa zama ɗaya da na busasshe. Ga kuma asarar tsagewa, wadda mai sayen ɗanye ne ke ɗauka a wuyansa.

Mai Gizago: Duk wannan lissafi daidai ne, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Ka ɗauki ƙeyar gatari ka bubbuga shi zagaye. Mai lafiya sauti gajere yake bayarwa mai ƙarfi, mai rami kuwa sai ya amsa kamar ganga. Bayan haka ka samu doguwar bakin dirila siririya, milimita 6 ko 8, ka huda ta bayansa, ta ɓangaren da ke manne da gangar itacen, kada ka huda fuskar. Duba abin da ke fitowa. Gari ja mai tsabta, lafiya. Baƙin gari mai laushi da wari, ruɓa. In dirilar ta faɗa zuruf babu tirjiya, ka iske rami. Huda uku a kusurwa daban-daban sun isa su gaya maka gaskiyar cikinsa.

Hajiya Mai Kayan Ado: Ni tambayata a kan yanka ce. Ai mai saye ba zai yarda da cinikin biri a sama ba. In ba a buɗe shi ba, ta ina zai ga zanen? A ganina a yanka shi biyu kawai a ɗauki hoto.

Ɗan Katako: Hajiya, a yi haƙuri, a nan ne ake yin asarar da ta fi kowace girma. Ba a yanka sai an san mai saye, domin kowane mai saye da irin yankan da yake so. Mai yin tebur faifai yake so mai faɗi. Mai juya akushi dunƙule yake so mai kauri. Masu fere shi siraran falle, waɗanda ake manna wa a fuskar kayan ɗaki, gaba ɗayansa suke so, su jiƙa shi a ruwan zafi sannan su fere shi da wuƙar inji, kowane falle kaurinsa wajen milimita 0.6. Ka duba yawan fallen da zai fita daga abu mai kaurin santimita 40. Su ne suka fi kowa biya, amma su ne suka fi kowa tsantseni: tsaga ɗaya ko rami ɗaya zai bayyana a kowane falle. Wanda ya raba ƙululu biyu ta tsakiya ya kori mutum biyu cikin ukun nan tun kafin su taya.

Abin da ake yi shi ne a buɗe 'yar taga. A gefe, inda ba zai ɓata faifai ba, a fere wuri kamar tafin hannu, a goge da samfefa, a shafa ruwa, a ɗauki hoto cikin inuwa da rana, da tef ɗin awo a kwance a kai. Ruwan zai fito da launin da zanen kamar an shafa masa mai.

Hajiya Mai Kayan Ado: Na karɓi wannan. Amma Alhaji, masana'antar fere fallen nan da kake faɗa, mai gona a ƙauye ina zai same ta da ƙululu guda ɗaya? Su da kwantena suke ciniki.

Ɗan Katako: Gaskiyarki Hajiya. Da guda ɗaya ba zai kai gare su ba. Na kawo su ne don a gane dalilin da ya sa dunƙulalle ya fi yankakke kuɗi.

Mai Injin Juyi: In kuma aka zo yankan, alkiblar zarto ita ke fitar da zane. Tofon nan da Malam ya faɗa daga tsakiya suke tasowa su nufi waje kamar ƙusoshi. In ka yanka a kan hanyarsu, ka gitta su, wato faifan ya yi daidai da jikin gangar itacen, ido za ka samu. In ka yanka ka bi tsawonsu, layuka za ka samu kamar hasken rana ko harshen wuta. Dukansu suna da kyau, amma mai ido ya fi shiga kasuwa. Kuma wajen raba shi da uwar itacen, kada a aske shi daidai da jiki. A yanke gangar kanta, a bar santimita 15 zuwa 20 sama da ƙasa da ƙululun. Dalili biyu ne: zanen yakan shiga cikin gangar, kuma tsagewa daga bakin yanka take farawa, gara ta cinye ragowar gangar da ta ci ƙululun.

Malamin Daji: Tunda wannan iska ce ta kayar da shi, babu laifi, sai dai a sanar da ma'aikatan gandun daji na yankin a karɓi takardar izini kafin a ɗora shi a mota. Amma ina roƙon 'yan zaure, kada wannan magana ta sa wani ya ɗauki inji ya je ya yanke ƙululu daga jikin itace mai rai. Raunin da faɗinsa ya kai santimita 80 itace ba ya iya rufe shi. Ruwa zai shiga, ruɓa ta bi, gara ta ƙarasa, cikin 'yan shekaru itacen ya faɗi. Ƙululun da ke jikinsa kuwa ba ya cutar da shi, zai iya rayuwa da shi har tsufa. A arewacin Kalifoniya ɓarayi sun addabi manyan itatuwan redwud da irin wannan yanka, har a 2014 hukumar gandun ta riƙa rufe hanyar Newton B. Drury da dare saboda su. A can ma ƙululun gindin ne ke sake tofo idan uwar ta faɗi, to ka ga an yanke wa itacen magaji ke nan.

Almajirin Kafinta: Malam, to waɗanda Turawa ke saye da tsadar daga ina suke samo su?

Malamin Daji: Sanannun ba su da yawa. Akwai na walnat daga gonakin Kalifoniya, inda ake yin aure tsakanin walnat mai 'ya'ya da saiwar baƙin walnat, ƙululun ya fito a mahaɗar. Idan gona ta tsufa aka tumɓuke itatuwan sai a sayar da gindin. Shi ne ake gani a allon gaban direba a cikin motoci irin Jaguar da Bentley. Akwai amboyina daga kudu maso gabashin Asiya, sunansa daga tsibirin Ambon na Indonesiya, kuma itacen ɗan'uwan madobiyarmu ne, dangi ɗaya suke. Akwai tuya ta Maroko, wadda ake haƙo ƙululunta daga ƙarƙashin ƙasa, masassaƙan garin Sawira na yin akwatuna da faranti da ita, tana da ƙamshi. Sai wani ƙaramin itace na gaɓar Bahar Rum da ake yin lofe da saiwarsa, ana dafa ta sa'o'i da yawa kafin a shanya, garin San Kulod na Faransa ya yi suna a kansa. Duk waɗannan suna da kasuwa ne saboda an san sunansu, an san halinsu wajen bushewa, kuma akwai su a kai a kai.

Mai Fiton Kaya: Wannan jimla ta ƙarshe ta Malam ita ce amsar batun Turawa. Ga kuma doka. Ɗanyen katako, gungume ne ko yankakke, yana cikin jerin kayan da Kwastam ta Najeriya ta hana fitarwa. Ban da haka akwai CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa. Madobiya ta shiga rukuninta na biyu, na waɗanda ba a fitar da su sai da izini, tun Janairun 2017, bayan sarar da aka yi mata a Taraba da Kogi da sauran wurare ana lodawa zuwa Sin, kuma an dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Maɗaci da kawo su ma an sa su a taron Panama na Nuwamban 2022, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2023. Ma'ana, ko faifai guda na maɗaci ba ya ƙetare iyaka sai da takardar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Sai takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar killace kayan gona ta Najeriya. A can kuma, Amurka na da dokar Lacey, wadda tun 2008 ta haɗa da katako, tana hukunta wanda ya shigo da itacen da aka sare ba bisa dokar ƙasarsa ba, kuma suna tsaurara ƙa'ida kan itace mai ɓawo a jikinsa saboda ƙwari. Ka haɗa kuɗin takardu da na jirgi a kan kilo 130, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Duk wanda ya turo saƙo ya ce zai saya daga waje amma a fara biyan kuɗin wata takarda ta hannunsa, ɗan damfara ne.

Hajiya Mai Kayan Ado: Ashe kasuwarsa tana gida. Kuma akwai ta. Masu ƙawata falo da otal-otal a Abuja da Kano da Legas suna neman teburin tsakiya mai bakin da ba a gyara ba, yadda Allah ya halicce shi. Akushi mai zane yana tafiya a shagunan kayan tsaraba. Ƙananan guntaye ma ba a zubarwa: ƙotar wuƙa, kan sanda, 'ya'yan carbi, fuskar agogon bango, jikin alƙalami. Guntun alƙalami santimita 2 da 2 da 13 ne kawai, na ƙotar wuƙa biyu-biyu, kowanne kamar 13 da 4 da 1.

Ɗan Katako: To yanzu a zo kan kuɗi. Ba daga sikeli ake farawa ba, daga baya ake lissafowa. Me zai fita daga cikinsa? In gwajin Baba ya nuna lafiyayye ne, wannan zai ba da faifai biyu masu kaurin santimita 8, na farko faɗinsa wajen 75 bayan an cire ɓawo, na biyu wajen 65 zuwa 70. Hular da ta rage a sama, mai tudun 20 da 'yan kai, babban akushi ne guda. Gefe-gefe kuma ƙananan kaya. Ka tambayi mutum biyu ko uku masu sayar da irin waɗannan nawa suke sayar da kowanne, ka tara. Mu ƙaddara jimlar ta kama naira dubu 400, misali ne kawai. Daga ciki za a fitar da kuɗin mai inji da mai, dako, ajiyar shekara guda ko fiye, ladan kafinta, ƙafafun ƙarfe, man shafawa, ribar mai shago, da kason abin da zai tsage. A ganina abin da ya dace mai ɗanyen ƙululu ya nema shi ne ɗaya bisa biyar zuwa ɗaya bisa huɗu na jimlar, wato dubu 80 zuwa 100 a wannan misalin. In akwai rami, faifai ɗaya ya tafi, a sake lissafi. Ƙasan farashinsa kuma shi ne abin da masu gawayi suka taya, ba zai sauka ƙasa da haka ba.

Mai Injin Juyi: Ni ina ganin ɗaya bisa huɗu ya yi yawa ga ɗanye, Yaya. Ka manta da hunturu. Idan danshin iska ya sauka zuwa kashi 20, itace na neman komawa kashi 4 ko 5, da damina kuma in iskar ta kai kashi 80 sai ya koma wajen 16. Naman ƙululu ba shi da alkibla ɗaya, kowane lungu yana janyewa ta nasa ɓangaren, shi ya sa yake murɗewa ya fashe fiye da katako na yau da kullum. Mai saye zai iya rasa faifai guda cur. Ɗaya bisa shida zuwa ɗaya bisa biyar ya fi kusa da adalci, sai in mai kayan ya rufe shi da kyau tun ranar farko.

Ɗan Katako: Da sharaɗin rufewar na faɗi nawa. In an bar shi a rana mako biyu, ko ɗaya bisa shidan ba zai samu ba.

Almajirin Kafinta: Yaya ake rufewar?

Mai Gizago: Ɗana, a ranar da zarto ya taɓa shi, kafin a yi sallah ta gaba. Duk inda naman itacen ya bayyana a shafe shi. Wanda ya fi kyau shi ne kyandir ko kakin zuma a narke, amma a narka shi a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, don yana kamawa. In babu, farin gam na kafinta, shafi biyu, a bar na farko ya bushe. Ragowar fentin mai ya fi babu. Baƙin man inji kuwa kada a kuskura, yana shiga cikin nama ya ɓata launi har abada, gam da man shafawa ba za su sake kama shi ba. A ɗora shi a kan duwatsu ko bulo, taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa saboda gara, a ɗaki ko rumfa inda rana da iska ba sa dukansa kai tsaye. Da hunturu a lulluɓe shi da buhunan algarara ko a binne shi cikin ɓawon fere. Leda ba ta da kyau in za a daɗe, fumfuna za ta kama shi ya yi baƙi-baƙi.

Mai Injin Juyi: In an yanka faifai, a jera su da 'yan sanduna busassu a tsakani, kauri santimita 2, tazarar 30 zuwa 40, kowace sanda daidai saitin ta ƙasanta, a danne sama da bulo. Ƙa'idar ƙasashen sanyi ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri. A nan ya fi sauri, kuma saurin ne abin tsoro, aikinka shi ne ka rage masa gudu. Akushi kuma sau biyu ake juya shi. Da fari a fafe shi yana ɗanye, a bar kaurin bango ɗaya bisa goma na faɗinsa, mai faɗin 40 a bar masa 4. A shafe shi, a ajiye wata uku zuwa shida, ana aunawa duk mako biyu. In nauyin ya tsaya sau uku a jere, a mayar kan inji a gyara karkatar. Wasu na dafa shi kafin ajiyar, awa ɗaya ga kowane inci na kaurin bango, yana rage tsagewa. A fara juyawa a hankali sosai, domin dunƙulen da nauyinsa bai daidaita ba yana girgiza inji, kuma inda ɓawo ya nutse cikin nama yakan ɓalle ya yi tsalle. A sa garkuwar fuska, a rufe hanci, ƙurar maɗaci na sa atishawa da ƙaiƙayi.

Hajiya Mai Kayan Ado: Ramuka da tsagar da ba su yi yawa ba ai yanzu efoksi ake zubawa, gam ɗin nan da ke daskarewa kamar gilashi, har wasu masu saye sun fi son haka.

Mai Injin Juyi: Haka ne Hajiya, amma sai itacen ya bushe, danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 12. In aka zuba a kan mai ruwa, efoksin zai yi hazo, daga baya itacen ya janye ya rabu da shi. A fara shafa siriri a bangon ramin ya daskare don ya toshe kumfa, a liƙe ƙasa da salatif mai ƙarfi. Irin na shafe fuska ba a zuba shi da kauri, yana ɗaukar zafi ya tsage. Na cika rami daban ne, a bi awon da aka rubuta a jikin galan ɗin.

Malamin Daji: Abu ɗaya ya rage. Tunda wannan kusa da gindi yake, kuma a gona, a wanke shi da ruwa da buroshin ƙarfe kafin inji ya shiga. Irin waɗannan na haɗiye tsakuwa da yashi, wani lokaci har ƙusa ko wayar shinge da aka ɗaura shekarun baya. Baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a bakin yanka alama ce ta ƙarfe a kusa. Tsakuwa ɗaya ta isa ta dakushe sarƙar inji, mai injin kuma a kan mai kaya zai ɗora kuɗinta. Farin naman da ke ƙarƙashin ɓawo shi ƙwari masu huda ke fara ci. In aka ga gari na zubowa daga ƙananan huji, a cire ɓawon a wanke wurin da ruwan boras mai ɗumi, a maimaita bayan mako guda.

Mai Kula da Zaure: Mai tambayar ya ce ya ɓare ɓawon kamar yadda Baba ya ce, tsinke-tsinke ne, amma gefe ɗaya yana amsa kamar ganga.

Mai Gizago: To ya yi wa gefen alama da alli, ya huda ta baya ya nufi wurin, ya sa tsinke a hujin ya auna inda ramin ya fara da inda ya ƙare. In ramin bai wuce dunƙulen hannu ba kuma yana can gefe, faifai biyun suna nan. Ya nuna wa mai saye alamar da kansa tun kafin a taya. Hujin kuma ya toshe su da kaki yau ɗin nan.